Gubar bishiyar taksus a binciken gawa: tsakanin GC-MS, LC-MS/MS da maikuroskop, wanne ɗakin gwaji zai riƙe?

Mutuwar da bishiyar taksus ke jawowa ba ta barin tambari a jiki. Likitan binciken gawa zai buɗe ƙirji ya tarar da huhu ya cika da ruwa, gaɓoɓin ciki sun taru da jini, zuciya ta ɗan saki, kuma duk waɗannan abubuwa ne da ake gani a mutuwar farat ɗaya iri-iri. Gwajin farko da ake yi da ƙwayoyin kariyar jiki, wanda ke kama hodar iblis da dangin mofin da magungunan barci, bai san da zaman wannan guba ba. Saboda haka sau da yawa matsalar ba rashin na'ura ba ce. Matsalar ita ce ba wanda ya yi tunanin neman ta.

Bishiyar kuwa ba ɓoyayyiya ba ce a inda take fitowa. Taxus baccata ta cika farfajiyar tsoffin coci-coci a Ingila, ita ce shingen gidaje da lambuna da maƙabartu a Jamus da maƙwabtanta. Taxus cuspidata ta Japan ce, amma an dasa ta sosai don ado a Amurka da Kanada. Ganyenta da ɓawonta da ƙwallon 'ya'yanta duk guba ne, jan naman da ya lulluɓe ƙwallon ne kaɗai ba shi da ita, kuma bushewar ganye ba ta kashe dafinsa. Abin da ke kisa shi ne rukunin sinadaran da ake kira taksin. Lucas ne ya fara tsamo su a 1856 yana ɗaukar su abu guda, sai a 1956 Graf ya nuna cewa gauraye ne, ya raba taksin A da taksin B. Taksin B ne mafi haɗari ga zuciya: yana toshe ƙofofin sodiyam da kalsiyam a ƙwayoyin tsokar zuciya, sai zanen QRS, wato alamar motsin manyan ɗakunan zuciya, ya yi faɗi a takardar auna bugun zuciya, bugun ya rikice, jini ya faɗi, mutum ya tafi cikin 'yan sa'o'i.

Kafin a zaɓi hanya, a bambance tambayoyi biyu da kotu ko mai binciken musabbabin mutuwa zai iya yi. Ta farko: shin mamacin ya ci ko ya sha wani abu daga wannan bishiya? Ta biyu: shin dafin ya shiga jininsa har ya isa ya tsayar da zuciya? Kowace hanya tana amsa ɗaya daga cikinsu fiye da ɗayar, kuma rahoton da ya haɗa su waje guda shi ne lauya zai fara yagawa.

Abin da ido da maikuroskop ke iya yi

A fara da tumbi, don nan ne hujja mafi arha take. A zuba abin da ke ciki a rariya mai ƙananan ramuka, a ɗauraye da ruwa mai tsabta a hankali, a shimfiɗa abin da ya rage a farin faranti. Kada a tsaya a tumbi kawai, a duba farkon ƙaramin hanji, domin gutsattsarin ganyen na iya wucewa can. Kuma kafin a taɓa ruwa, a ware kaso na abin cikin tumbin yadda yake don gwajin sinadari.

Ganyen taksus siriri ne mai faɗi, tsawonsa wajen santimita 1 zuwa 3, faɗinsa milimita 2 zuwa 3, bakinsa da ɗan tsini. Samansa kore ne shar mai ƙyalli da jijiya a tsakiya, ƙasansa ya fi haske, da layi biyu masu ɗan rawaya. Idan aka ɓare fatar ƙasan aka ɗora a gilashi, za a ga ƙofofin numfashin ganyen jere cikin waɗannan layuka biyu, kowace ƙofa ta ɗan nutse, an zagaye ta da ƙananan ƙuraje kamar an kewaye rijiya da duwatsu. Idan kuma aka yanka ganyen a gicciye, ba za a ga bututun ƙaro ba. Wannan rashi shi ne ke raba taksus da bishiyoyin Abies da Tsuga, waɗanda ganyensu ke kama da nata a ido amma suna da bututun ƙaro. Ruwan tumbi na cinye launin ganyen, ya mayar da shi ruwan ƙasa, amma fatar waje mai kauri ce, takan daɗe ba ta lalace ba.

Aikin minti talatin ne, kuma shi ne ke sa ɗakin gwaji ya san abin da zai nema. Iyakarsa a fili take. Idan tafasa ganyen aka yi aka tace, ko aka niƙa shi ya yi laushi sosai, ko mamacin ya yi amai, ko an wanke masa ciki a asibiti, farantin zai fito wayam. Kuma ganye a tumbi bai ce komai ba game da abin da ke cikin jini.

GC-MS da alamar 3,5-DMP

Ɗakunan gwaji da yawa GC-MS, na'urar da ke mayar da samfuri tururi ta rarrabe sinadaransa sannan ta auna nauyinsu, ita ce dokinsu na kullum, kuma abin takaici shi ne taksin B ba ya jure mata. Nauyin ƙwayarsa 583, ba ya tashi ya zama tururi cikin sauƙi, kuma zafin mashigar allura, wanda kan kai digiri 250, yana farfasa shi kafin ya shiga bututun rarrabewa. Dabarar da aka samo ita ce a bar dafin a nemi abokin tafiyarsa. Ganyen taksus na ɗauke da taksikatin, wato 3,5-daimetoksifinol (3,5-DMP a taƙaice) da aka ɗaura wa sukarin gulukos. A cikin jiki sukarin na tsinkewa, sai 3,5-DMP ya saura. Ƙarami ne, nauyinsa 154, yana bi ta GC lafiya lau, kuma ana sayen tsantsarsa a wajen dillalan sinadarai ba tare da wahala ba. Wannan batu na ƙarshe yana da girma, don da tsantsar sinadari ne ake gina layin awo da za a iya karewa a gaban alƙali.

Ga yadda aikin ke tafiya. Ana ɗaukar mililita 1 na jini ko fitsari a sa ma'aunin ciki, wato wani sinadari da aka san yawansa da ake ƙarawa don kwatance. Fitsari sai an fara warware shi da enzayim ɗin beta-gulukuronidas, domin hanta na ɗaure yawancin finol kafin ƙoda ta fitar da shi, kuma wanda ya tsallake wannan mataki zai ga ɗan kaɗan ne kawai daga abin da ke ciki. Abin cikin tumbi shi ma yana buƙatar a tsinke sukarin taksikatin, da asid mai sauƙi ko da enzayim. Daga nan a tsamo da etil asetet ko makamancinsa, ruwan yana tsaka-tsaki ko ya ɗan karkata ga asid. A nan ne kuskure mafi yawa ke faruwa: hanyar da aka saba tsamo magunguna masu alkali, inda ake ɗaga pH ya haura 10, tana mayar da finol gishiri, sai ya zauna a ɓangaren ruwa a zubar da shi. Ɗakin gwajin da ya yi gwajin alkali kaɗai ya ce bai ga komai ba, gaskiya ya faɗa, amma bai nemi abin a inda yake ba.

Sai ƙafarwa. 3,5-DMP na iya bin iska, don haka a ƙafar da ruwan tsamowar a ƙarƙashin iskar naitirojin, zafi bai wuce digiri 40 ba, a ɗauke da zarar ya bushe. A ƙara BSTFA mai kashi 1 cikin ɗari na TMCS, haɗin da ke yi wa sinadarin riga don ya bi na'urar da kyau, a ɗumama a digiri 70 na minti 20 zuwa 30. Ɗigon danshi ɗaya a kwalbar ya isa ya ɓata wannan mataki. A bututu mai tsawon mita 30 da kaurin ciki milimita 0.25 na irin mai kashi 5 na fenil, sinadarin da aka yi wa wannan riga zai nuna ayon, wato ƙwayoyi masu caji, masu nauyin 226 da 211. Idan ba a yi masa riga ba, 154 da 125 za a gani, amma ƙololuwarsa a zanen da na'urar ke fitarwa kan ja wutsiya, musamman idan mashigar allura ta yi datti.

Akwai tarko a nan da ya kamata kowane mai awo ya sani. 2,6-daimetoksifinol, wanda ake kira sirinjol, nauyinsa 154 ne shi ma, kuma yana cikin hayaƙin itace da naman da aka kyafe. Gawar da aka ciro daga gobara, ko ta mutumin da ya ci kyafaffen kifi, na iya nuna shi. Bambancinsu na nan a lokacin fitowa da kuma gutsattsarinsu, sirinjol na ba da 139 mai ƙarfi, amma kada a dogara da daidaitawar da kwamfuta ke yi da ɗakin ajiyar zane-zane. A yi allurar tsantsar kowanne a rana ɗaya da samfurin, a ga inda kowanne ya fito.

Ko an yi komai daidai, 3,5-DMP ba shi ne gubar ba. Shaida ce cewa taksus ta shiga jiki. Yawansa a jini ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan taksin, domin adadin taksikatin da na taksin a ganye na canzawa da irin bishiyar da lokacin shekara, kuma jiki na sarrafa su ta hanyoyi dabam. Mai rubuta rahoto na iya cewa an samu alamar cin taksus. Ba zai iya ɗaukar adadin 3,5-DMP ya ce ga yawan dafin da ya kai zuciya ba.

LC-MS/MS: neman dafin kansa

LC-MS/MS na rarrabe sinadarai ne a cikin ruwa, sannan ta auna nauyinsu da na gutsattsarinsu. A nan ba a buƙatar zafi, don haka taksin B na isa na'urar a yadda yake. Yana da naitirojin mai son karɓar furoton, shi ya sa yake amsawa sosai a ESI (hanyar fesa samfuri a sa masa caji) mai caji na ƙari, a m/z 584, wato nauyinsa bisa cajinsa. Idan aka fasa shi, babban gutsuren da ke fitowa shi ne 194, wato asid ɗin Winterstein da ke maƙale a gefen ƙwayar, sai kuma 107 a matsayin na tabbatarwa. Sawu biyu ke nan, 584 zuwa 194 da 584 zuwa 107, kuma dole rabon da ke tsakaninsu a samfurin ya dace da na abin kwatance.

Wanda ya fara ganin zanen zai lura da abu ɗaya: ba ƙololuwa ɗaya ke fitowa a 584 ba, biyu ne a kusa da juna, wani lokaci kafaɗarsu na haɗe. Taksin B ne da aisotaksin B. Nauyinsu ɗaya, gutsattsarinsu ɗaya, bambancin kawai shi ne inda rukunin asetil ya zauna, kuma rukunin na yin ƙaura tsakanin kabon na 9 da na 10 ko a cikin kwalbar gwaji. Saboda haka rabon ƙololuwan biyu na iya sauyawa daga safe zuwa yamma a samfuri guda. Mafi aminci shi ne a haɗa su a ba da jimilla, a rubuta a rahoto cewa jimilla ce. Tare da su akwai danginsu a 568 da 610 da 626, waɗanda suka bambanta da ƙwayar oksijin ɗaya ko asetil ɗaya ko duka biyun, kuma su ma suna ba da 194. Wannan na buɗe wata dabara mai kyau a na'ura mai kwadurufol uku: a sa ta ta nemo duk wata ƙwaya da ke haifar da 194. Idan jini ya fitar da jerin iri ɗaya da wanda ruwan ganyen taksus ya fitar, a lokutan fitowa iri ɗaya, hujjar ta fi ƙarfin ƙololuwa ɗaya nesa ba kusa ba.

Shirya samfuri na da zaɓi. Mafi sauri shi ne a zuba asetonaitiril kashi uku a kan jini kashi ɗaya, a girgiza, a juya a injin tacewa, a ɗauki ruwan sama. Yana aiki da jinin mai rai ko gawar da ba ta daɗe ba. Jinin da ya fara ruɓewa kuwa yana ɗauke da kitse da tarkacen da ke danne siginar a bakin na'ura, har sakamako ya fito ƙasa da gaskiya ko ya ɓace. Irin wannan jini na buƙatar SPE, wato tsarkake samfuri ta hanyar bi da shi cikin katirij mai kama sinadarai. Idan aka zaɓi katirij mai kama sinadarai masu alkali, a kula da wani abu: taksin zai maƙale har sai an sauko da shi da metanol mai amoniya, amma wasu sinadaran bishiyar, faklitaksel da 10-DAB da bakatin III, ba su da wannan caji, suna fita tun a wankin metanol na farko. Wanda ke son su sai ya tara wannan wanki maimakon ya zubar. Kuma ruwan amoniyar kada ya kwana. Taksin ba ya son alkali, ba ya son zafi, ba ya son haske. A alkali yakan saki daimetilamin ya koma wani abu dabam wanda ba ya ba da 194. A ƙafar nan take, a narkar da shi a ruwa mai ɗan asid, a zuba a kwalba mai duhu. Bututun rarrabewa irin C18 mai tsawon milimita 100 da kauri 2.1, da ruwan tafiya mai amoniyam fomet da kashi 0.1 cikin ɗari na asid ɗin fomik, sun wadatar.

Raunin wannan hanya ɗaya ne, amma babba ne: tsantsar taksin B mai takardar shaida na da wuyar samu. Ɗakunan gwaji da dama kan tsamo nasu daga ganyen da masanin tsirrai ya tabbatar, su tsarkake gwargwadon iko. Don gane sinadarin, wannan ya isa. Don awo, sai an san tsarkin abin da aka tsamo, in ba haka ba adadin da za a bayar kimantawa ce, kuma wajibi ne a rubuta hakan ƙarara. Ɗakin gwajin da ke aiki a ƙarƙashin ISO/IEC 17025, ƙa'idar duniya ta ingancin ɗakunan gwaji, zai sha tambaya a kan asalin ma'auninsa, kuma gara ya ce an gano taksin B da aisotaksin B ba tare da adadi ba, da ya ba da lamba mai ɗigo biyu da ba zai iya kare ta ba.

Wasu kan kauce wa wannan ta hanyar auna dangin taksen, wato sauran sinadaran bishiyar masu ƙira irin ta taksin, da ake samun tsantsarsu a kasuwa: faklitaksel a 854, sefalomanin a 832, bakatin III, da 10-DAB a 545. Dabara ce mai amfani a matsayin ƙarin shaida, amma tana da ƙayoyi biyu. Na farko, waɗannan sinadarai na son maƙale wa sodiyam, sai faklitaksel ya bayyana a 876 maimakon 854, kuma ayon mai sodiyam ba ya fashewa da kyau. Na biyu ya fi muhimmanci: faklitaksel maganin ciwon daji ne, ana kuma shafa shi a wasu ƙananan bututun da ake sa wa a jijiyoyin jini. Dosetaksel, wanda wasu ke amfani da shi a matsayin ma'aunin ciki, shi ma magani ne, daga 10-DAB na ganyen taksus ake haɗa shi. A duba tarihin jinyar mamaci kafin a fassara, kuma kada a ɗora hukunci a kan faklitaksel shi kaɗai.

Na'urori masu auna nauyi daidai, irin su QTOF da Orbitrap, na da wata fa'ida da sauran ba su da ita. Suna adana duk abin da suka gani, ba abin da aka ce su nema kaɗai ba. Idan bayan wata biyu 'yan sanda suka kawo labarin cewa an ga reshen taksus a ɗakin mamacin, ana iya buɗe tsohon fayil a ciro 584.3218 da gutsurensa 194.1176 cikin tazarar kashi 5 cikin miliyan, ba tare da an sake taɓa jinin ba. Ga mutuwar da ba a san musabbabinta ba, wannan ya fi komai. Sharaɗin shi ne a sa taksin cikin jerin abubuwan da manhajar ke dubawa, don ba kowane ɗakin ajiyar zane na kasuwa ne ke ɗauke da shi ba.

Gwajin DNA na gutsuren ganye, ta yankunan da ake gane jinsin tsiro da su, irin su ITS ko matK ko rbcL, na iya tabbatar da jinsin tsiron idan ganyen ya dagargaje har maikuroskop ya kasa. Asid ɗin tumbi na yanyanka DNA, don haka a nemi gajerun yankuna. A ruwan da aka tafasa aka tace ba a cika samun abin kamawa ba. Kayan taimako ne, ba ginshiƙi ba.

Samfurin da aka ɗauka ya fi na'urar da aka saya

Jinin jijiyar cinya shi ne na awo, a kwalba mai sodiyam fuloraid kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. Jinin zuciya na da amfani wajen ganowa, amma idan tumbi cike yake da ganye, sinadarin na iya tsiyayowa zuwa gaɓoɓin da ke kusa bayan mutuwa ya kumbura adadin. Ruwan maɗaciya wuri ne mai kyau na neman dangin taksen, don ta nan hanta ke fitar da su. Fitsari ya fi dacewa da 3,5-DMP, sai dai idan mutuwar ta zo da sauri ƙwarai, ƙila bai kai ga taruwa a mafitsara ba. A daskarar da komai a digiri 20 ƙasa da sifili, a rarraba a ƙananan kwalabe don kada a yi ta narkarwa ana sake daskarewa. Idan mutumin ya kwanta asibiti kafin ya rasu, a nemi jinin farko da aka ɗiba lokacin karɓarsa tun kafin a zubar, domin ya fi duk wani jinin gawa daraja.

To wanne za a riƙe? Ɗakin gwajin da GC-MS kaɗai gare shi kada ya ce ba zai iya ba. Ya haɗa maikuroskop da 3,5-DMP a tumbi da jini da fitsari, ya rubuta cewa an tabbatar da cin taksus, ya ajiye kaso a daskare don aikawa inda ake da LC. Wanda ke da LC-MS/MS ya sa taksin B da aisotaksin B a gaba, ya ajiye ruwan ganyen da aka tabbatar a firiza don kwatance, ya bar 3,5-DMP a matsayin shaida ta biyu mai zaman kanta, wadda ke da tsantsar ma'auni. Wanda ke da QTOF ko Orbitrap ya sa 584.3218 cikin binciken yau da kullum na duk mutuwar farat ɗaya, musamman ta matashi mai lafiyar zuciya da aka ga QRS ɗinsa ya yi faɗi kafin ya cika. Ɗakunan gwajin dabbobi ma haka: doki ko saniyar da aka tarar a mace kusa da shingen da aka yi wa aski, a fara da bakinta da tumbinta, sannan a aika da hanta da abin cikin tumbin a daskare.